Gidan Mambayya da Tambayar "Ɗan Gidan Waye?"

Kwanakin nan duk inda ka leƙa a Facebook rigimar Hausa da Fulani ce ake yi, wannan ya ce shi ne mai ƙasa, wancan ya ce shi ne mai asali. Ni dai ina ganin da masu wannan cacar baki sun san tarihin gidan Mambayya da ke nan Gwammaja, da sun ɗan sassauta.

Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, Bafulatani ne daga Genawa, zuri'ar malamai da alƙalai. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun Alƙalin Kano. Ga asali, ga ilimin addini, ga boko har Landan. Da ya kama bakinsa, da babban muƙami a En'e yana jiransa. Sai ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, ya shiga NEPU, jam'iyyar da mutum takwas suka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na wannan shekarar. Cikin takwas ɗin akwai Bello Ijumu, Bayarabe daga ƙasar Kabba.

Ku tuna da yadda zamanin yake. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa, wato shekara 14 kacal kafin NEPU. Doka ta 'yanta mutane, amma a zaure, idan maganar aure ta taso, sai a koma tonon asali, a ce kakan wane bawa ne, wane ɗan mahauta ne, wane baƙo ne. A irin wannan gari ɗan gidan alƙalai ya zauna tabarma ɗaya da teloli da mahauta da 'yan koli, kuma kotunan alƙalai ne ke ɗaure mabiyansa suna sa a yi musu bulala. Sukar baƙo ba wuya, jama'a. Wuyar ita ce ka ce wa tsarin da ya raine ka bai yi daidai ba, alhali gobe za ku haɗu da 'yan'uwa a wajen suna ko jana'iza.

Dubi Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Mahaifinta mutumin Ghana ne, mahaifiyarta Banufiya, amma ita ta ja ragamar matan NEPU, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba. A zaɓen 1979 kuma Samuel Ikoku, Inyamuri, Malam ya ɗauka mataimaki a PRP.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, kabarinsa na cikin gidan, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.

Yabon Malam a baki ba ya kashe wa kowa ko kwabo. In yaro mai addini da sana'a ya zo neman 'yarka, dangi suka ce a fasa saboda kakansa, me za ka ce musu?

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haɗa kanmu.