Samuel Okoye da tauraron da ya fashe a 1054

Samuel Ejikeme Okoye (1939–2009) masanin taurari ne ɗan Najeriya, asalinsa Amawbia a jihar Anambra ta yanzu. Shi ne baƙar fatan Afirka na farko da ya sami digirin dakta a ilimin binciken sama ta igiyoyin rediyo, fannin da ake kafa eriya a fili ana sauraron sammai. Kimiyyar fiziks ya karanta a Ibadan, daga nan ya wuce Kambirij a Ingila, inda ya yi aiki a hannun Antony Hewish, ya kammala a 1965.

Wurin da ya sa wa ido ba baƙo ba ne ga masu kallon taurari. Da dare a lokacin ɗari, idan Kaza da Ƴaƴanta ta hau sama, gabas da ita akwai wani gajimaren iskar gas da ido ba ya gani, Turawa na kiransa Ƙaguwa. Ragowar tauraro ne da ya fashe, wanda masanan Sin suka rubuta ganin haskensa a 1054.

A cikin wannan gajimare Okoye da Hewish suka gano wani abu mai ƙyaftawa a mitar megahaz 38. Ƙyaftawar nan ita ce hujjar. Tauraro yana ƙyalƙyali, wata kuwa ba ya yi, don abu ƙarami a ido ne kawai iska ke iya kaɗa haskensa. Haka iskar da rana ke fesowa take kaɗa igiyar rediyo idan mafarinta ɗan mitsitsi ne. Ke nan a tsakiyar Ƙaguwa akwai abu ƙanƙane mai ƙarfin gaske. Sun buga sakamakon a mujallar Nature a 1965, ba su san ko mene ne ba. Sai bayan Jocelyn Bell ta gano taurari masu bugawa kamar zuciya a 1967, aka tabbatar a 1968 cewa irinsu ne, yana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa. Da Hewish ya karɓi kyautar Nobel a 1974, ya ambaci Okoye a jawabinsa, kuma ya cancanci ambaton.

Bayan karatu, Okoye bai zauna a Turai ba. Ya koyar a Ibadan, ya koma Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, ya kafa cibiyar binciken sararin samaniya a 1972, ƙasar ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa ba. Ya rasu a Landan ranar 18 ga Nuwamba, 2009.