Sunan da Ya Saura a Jikin Keke

Ranar Talata, ranar kasuwar Kawo, na shiga keke Napep zuwa Unguwar Dosa, sai na tambayi yaron da ke tuƙi ko ya san ma'anar Napep. Ya ce, "Baba, ai sunan kamfanin da ke ƙera shi ne." Ban ga laifinsa ba. Yana goye a bayan uwarsa lokacin da gwamnatin Obasanjo ta kafa NAPEP a 2001, hukumar da aka ce za ta kawar da talauci a Najeriya.

Ni kuwa na ga kekunan farko da hukumar ta raba, koraye shar. Aka ce matasa marasa aikin yi za a ba su bashi, su riƙa biya kaɗan-kaɗan har keke ya zama nasu. Tsarin ba shi da aibu a takarda. Wurin rabo ne ake yin ta'asar, kuma tun kafin NAPEP haka abin yake. Bankin Al'umma da Babangida ya buɗe a 1989 don masu ƙananan sana'o'i, shugabansa Tai Solarin ajiye muƙamin ya yi saboda satar da ya gani ana yi a ciki ba a hukunta kowa. Kafin nan an yi shirin DFRRI a 1986, bayansa FEAP a 1997, sannan PAP a 2000 da naira biliyan 10. Kowane shiri da sabon fom, da hoton fasfo, da layi cikin rana.

Layin nan na san shi. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, mai ƙosai ce a Unguwar Shanu. Sau uku tana cike fom na wani shirin jari, har ta sayar da akuyarta ta ba wani ɗan siyasar unguwa "na goro" don sunanta ya shiga. Da jerin ya fito, sai sunayen matansa da ƙannensa. Ba ta ce komai ba, ta koma bakin kaskonta. Wanda ya fi buƙata ba shi da uwa a gindin murhu, shi ya sa kullum rabon ke tsallake shi.

NAPEP kanta kwamitin Oronsaye da gwamnati ta kafa ya ba da shawarar a rushe ta a 2012, daga baya ta shuɗe. Halin bai shuɗe ba: a Janairun 2024 an dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata.

Da muka iso na tambayi yaron ko keken nasa ne. Ya ce na wani Alhaji ne mai guda goma sha biyu, kullum da yamma yake kai masa balas, in taya ta fashe kuma shi zai gyara. Shekara huɗu ke nan yana tuƙawa.