Masu Gyaran Jirgi a Bakin Shuɗin Nilu

A ƙauyukanmu na bakin kogi, daga Mai Wurno har Rusairis, ba a gyaran jirgi sai a lokacin da aikin ya fi wuya. Da rani jirgi na kan ruwa yana nemo abinci, babu mai yarda a kwantar masa da shi. Sai damira, lokacin cikar kogi, ta zo, ruwan Habasha ya sauko ja wur da laka da kututturan itace, su ya ja baya, sannan ake jawo jirage tudu. Yuli da Agusta ke nan, watannin hadari da habub, guguwar ƙura. Don haka duk kafintan jirgin da ya tashi a nan, da ido ɗaya yake duban katako, ɗayan yana gabas.

Ba da wannan sana'a kakanninmu suka iso ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, har suka zauna kudu da Sinnar a 1906, garin ya ci sunansa. Daga baya mutane suka yi ta biyowa, wasu da niyyar Makka, guzuri ya ƙare suka yada zango, zangon ya zama gida. Kakana Bakabe ne, cikin Sarkawa ya tashi, kuma abin da ya sani shi ne kwale-kwale: a sami gungume guda, a rarake shi da gizago. Gawo na nan ya yi masa wannan aikin, amma gawo itace ne mai laushi, ba ya daɗewa a ruwa, kuma kwale-kwale ba ya ɗaukar buhunan dawa. Babban jirgi, markab, a hannun mutanen arewacin Sudan yake, irin kafintocin da har yanzu ake ambata da su a Abu Rof ta Umdurman. Wurinsu iyayenmu suka yi yaranta, suna riƙe musu katako suna satar aiki da ido.

Ginin nasu daban yake da na duk wani jirgin da za ka gani a hoto. Ba shi da haƙarƙari a ciki. Bagaruwa, wadda a nan ake kira sunuɗ, ba ta ba da dogon katako miƙaƙƙe; gajeru take bayarwa, masu kauri, masu lanƙwasa. Sai a jera su bisa juna kamar tubalin gini, gaɓar wannan layi ba ta haɗuwa da ta na ƙasansa, a ɗinke su da dogayen ƙusoshin maƙera da ake bugawa a karkace, daga na sama su nutse cikin na ƙasa. Gungumen da aka gitta daga baki zuwa baki su ke riƙe jikin kada ya buɗe. Herodotus, Bagirken nan mai tarihi, ya bayyana jiragen Masar na irin wannan itace da irin wannan jeri tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Kawuna bai taɓa jin sunansa ba, amma da an karanta masa bayanin da ya gyara wa marubucin wuri ɗaya ko biyu.

Irin wannan jirgi, rabin rayuwarsa gyara ce. Bagaruwa ba ta saurin ruɓa, gara ma tana shakkarta, amma ƙusa tana tsatsa, ramin ta ya faɗaɗa, katako ya fara motsi. Usɗa, wato babban kafinta, yakan zagaya jirgi da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa, kunne a jingine. Inda sauti ya fito a tsaye ya wuce. Inda ya ji bututu sai ya ja layi da gawayi. A zare tsohuwar ƙusa, ba a yar da ita, maƙeri zai miƙe ta ya sake mata baki. Sannan a zo toshiya, aikin yara da masu haƙuri: tsummokaran tsofaffin riguna a yayyage, a murɗe, a tsoma a mai, a cusa cikin kowace tsaga da bakin kurfi. In ka cusa kaɗan ruwa ya shiga, in ka cika hannu katakon ya kumbura a ruwa ya tsage maƙwabcinsa. Wannan ma'aunin ba a faɗa maka shi, sai dai ka sha ranƙwashi har hannunka ya gane.

Madatsar Sinnar da aka gama a 1925 ita ta mai da abin sana'a sosai. An gina ta don audugar Jazira, amma ruwan da ta tare ya kwanta har gaban Mai Wurno ya wuce, ya zama tafki mai karfasa da giwan ruwa da tarwaɗa. Gonakin Jazira kuma suka tara dubban leburori masu bukatar abin miya mai araha, busasshen kifin nan kajek ya sami kasuwa. Masu birgi da mamari suka yawaita, kowa na son jirgi, kowane jirgi na son kafinta. Da aka gama madatsar Rusairis a 1966 sai labarin ya maimaita kansa a kudu, dangi da yawa suka kwashe gizagonsu suka koma wajen Damazin.

Akwai wata dabara da ƙauyenmu ya daɗe yana yi, ta haɗa jirage biyu. In za a haye da shanu, ko injin ban ruwa, ko buhunan da jirgi ɗaya zai yi tangaɗi da su, sai a jera biyu kafaɗa da kafaɗa, a gitta musu gungume, a ɗaure tamau, a shimfiɗa katako. A kafa itacen shira'a, wato zanen da ke kama iska, a tsakiya, iskar arewa ta hunturu ta tura su. Haɗin ba ya kifewa, amma gyaransa ciwon kai ne, domin in ɗaya ya fi ɗaya shan ruwa, ɗaurin ne ke cin wahala, kuma a gaɓar gungume yake karyewa. Turawa suna da jiragen shaƙatawa masu jiki biyu a teku, na ga hotunansu a waya, na tabbata masu gyaransu ma a gaɓar nan suke kwana.

Irin wannan tagwayen muke gyara wata shekara, an kwance su an kifa ɗaya bisa kututture, rabin cikinsa a buɗe, sai gabas ta yi baƙi bayan la'asar. Kawu ya ɗaga kai sau ɗaya ya ce, "Kai yaro, bar tsumman nan, kawo igiya." Na ce, "Kawu, saura tsaga biyu fa." Ya ce, "Tsaga za ta jira ka, iska ba ta jira." Kafin mu gama kafa turaku ƙura ta rufe tsallake. Abin tsoro a irin wannan lokaci ba ruwan sama ba ne. Jirgin da aka kifa, in iska ta shiga ƙarƙashinsa, ɗaga shi take ta nana da ƙasa, aikin wata guda ya tashi a banza. Muka tula ƙasa a gefen da iskar ke bugowa, muka danne shira'ar da duwatsu, muka kwashe tukunyar kwalta daga wuta. Da dare kogi ya ƙaru ya taɓa turakun ƙasa, aka tashi samarin unguwa da fitila aka ƙara ja da jirgin sama. Washegari katakon ya jiƙe, kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen itace, sai zaman jiran rana.

Itacen kansa bai taɓa zama namu ba. Dazuzzukan bagaruwa da ke cikin fadamun bakin kogi tsakanin Sinnar da Rusairis gwamnati ta killace su tun zamanin Ingilishi, tana yanka su don katakon shimfiɗar dogo, injin yanka na Suki yana ci. Kafintan jirgi sai abin da ya ragu, ko abin da ya saya da takarda. A ganina wannan, fiye da komai, shi ya buɗe wa ƙarfe ƙofa. Da farantin ƙarfe da walda suka yi sauƙi, mai jirgi ya lissafa: na ƙarfe a 'yan kwanaki an gama shi, ba shi da nauyi, ana ɗaura masa inji a baya. Shira'a ta koma rumfar tsakar gida. Dattawa sun yi ta kushe shi, wai zafi yake gasa kifi kafin a kai gaɓa, wai ƙararsa na korar karfasa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta hana kowa saya ba.

Sauran ya zo a jere. An ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10 aka gama a 2013, ruwa ya ci tsofaffin ƙauyuka da mashigansu, aka kwashe mutane zuwa sababbin garuruwa. A 2020 Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta kusa da iyaka, damira ta rage fushi, mu kuwa damuwarmu fadamun nan ne, domin bagaruwa sai ambaliya ta kwanta mata take tsirowa. Rikicin ƙabilanci da ya ɓarke a 2022 ya kori Hausawa da yawa daga Rusairis da Wad al-Mahi, jirage suka zauna ba masu su. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ci Madani a Disamba, ya ci Sinja a tsakiyar 2024, kafin soja su karɓe su. A watannin nan da hanyoyi suka toshe, fetur ya yi wuya, na ga an tono jiragen bagaruwa da aka manta a cikin laka, ana neman wanda ya iya toshiya. A ƙauyenmu waɗanda aka samu duk masu furfura ne. Samarin da suka taya su, da hanya ta buɗe, yawancinsu sun koma Sinnar wurin masu walda, inda ake biya a yini.