Lattimo: gilashin da ya yi shigar tangaran

A ƙarni na 15 ne masu aikin gilashi na Murano, kusa da birnin Benis a Italiya, suka fara zuba tokar kuza da dalma cikin narkakken gilashi, ya fito fari fat, ido ba ya ratsa shi. Suka kira shi lattimo, daga latte, wato madara. A ganinmu sunan ya ɓoye manufar: tangaran ɗin Sin suke kwaikwayo, wanda Turai ta kasa yin irinsa sai da masana'antar Meissen ta buɗe a 1710. Samuwar tangaran na ainihi bai kashe wannan gilashi ba. Faransa ta ɗaukaka shi a ƙarni na 19 da sunan opaline, daga dutsen opale, a masana'antun Baccarat da Saint-Louis.