Samuel Chapin: Dikon Kuma Alƙali a Garin Springfield

Samuel Chapin yana daga cikin Turawan Ingila mabiya ɗariƙar Furitan da suka yi ƙaura zuwa Massachusetts ta Amurka a ƙarni na 17, saboda saɓaninsu da cocin gwamnati. An yi masa baftisma a Paignton a 1598. Ya auri Cicely Penny, kuma a 1642 suka zauna da 'ya'yansu a Springfield, garin da aka kafa a ƙasar ƙabilar Agawam.

A can aka naɗa shi dikon, wato mai taimaka wa limamin coci da kula da dukiyarta da mabuƙata. A 1650 hukumomin Boston suka ƙona littafin William Pynchon, wanda ya kafa garin, bisa zargin bidi'a. Da Pynchon da limamin garin suka koma Ingila a 1652, sai Chapin ya zama ɗaya daga cikin mutum uku masu yanke hukunci, yana kuma jagorantar ibada.

Ya rasu a Nuwamban 1675, makonni kaɗan bayan 'yan asalin ƙasar sun ƙona garin a yaƙin Sarki Philip. Shugabannin Amurka biyu, Cleveland da Taft, zuriyarsa ne.

Rayuwarsa shaida ce cewa waɗannan baƙi, duk da sun guje wa matsin addini, sun haɗa mumbari da kujerar shari'a a hannu ɗaya, tun kafin Amurka ta raba addini da mulki.