mataci

matācī *sn., nj.; jam.* màtā̀tai.

1. Ƙyalle ko rariya mai raba ruwa da tsaki ko dusa. *Inna, ara mini ~nki in tace gasara. Da damina ruwan gulbin Rima kan yi laka, mutanen Giyawa sai sun sa ~.*

2. *(inji)* Abin da ke tare datti a hanyar mai ko iska. *~n injin ban-ruwa ya toshe a fadamar Wurno.*

3. *(kwamf.)* Manhajar da ke bin rubutun wata manhaja da kanta tana neman ɓaraka duk lokacin da aka haɗa sabon gyara, mis. a GitHub Actions ko Jenkins. (a) *~n rubutu:* CodeQL, Semgrep. (b) *~n kayan aro:* mai duba manhajojin da aka jingina da su, kamar Trivy. Irinsa ya taimaka wajen gano manhajojin da ɓarakar Log4Shell ta shafa, Disamba 2021. (c) *~n sirri:* mai kama makullin da aka manta a rubutu, kamar Gitleaks. *Sa ~ ya duba fayilolin da suka canza kaɗai, cikakken bincike a bar wa dare. Kada ~ ya tsayar da aiki sai a kan babban haɗari: in ihun banza ya yi yawa, sai ma'aikata su daina saurare.*

*Dang.:* tācḕ *fi.*, tā̀taccē *sif., mc.* tā̀tacciyā, *jam.* tā̀tàttū, matātā *sn., mc.*, wurin tacewa: *matatar mai ta Kaduna.*