Daga Farashin Burodi Zuwa Katin Abinci: Wa Ke Cika wa Ɗan Kanti Albashinsa?



Mu da muka tashi a gidajen 'yan kasuwa, idan aka ce mabuƙaci, hankalinmu kan tafi ne ga wanda ba shi da aikin yi. To amma akwai wani irin talaka da yake sammako kullum, ya yini a tsaye a kanti yana jera kaya yana karɓar kuɗi, wata ya ƙare a biya shi, amma abin da aka ba shi bai kai ya ciyar da gidansa ba, har sai gwamnati ta cika masa. Irin wannan mutum suna da yawa a Amurka, ƙasar da muke jin labarin arzikinta. Tambayar da na ke so mu duba ita ce, idan gwamnati ta cika wa ma'aikaci abin da maigidansa ya rage masa, shin wa aka taimaka, yaron ko maigidan? Gardama ce da ta haura shekara 200, kuma a Ingila ta faro.

A watan Mayu na 1795 wasu alƙalai na yankin Berkshire suka taru a wani masauki a ƙauyen Speenhamland. Lokacin ana yaƙi da Faransa, amfanin gona bai yi kyau ba, burodi ya yi tsada, leburorin gona suna cikin yunwa. Abin da ya tara su tun farko shi ne su yanka mafi ƙarancin ladan da za a riƙa biyan lebura. Amma da yake yawancinsu masu filaye ne, kuma daga aljihun ire-irensu kuɗin zai fita, sai suka kauce suka ɓullo da wata dabara. Suka ce a riƙa duba farashin burodi: idan babban burodi yana sule ɗaya, to namiji na buƙatar sule 3 a mako, matarsa da kowane ɗa kuma sule ɗaya da sisi. Duk wanda ladansa bai kai haka ba, sai a cika masa daga harajin da ake tarawa a gunduma domin gajiyayyu. Idan burodi ya tashi, cikon ma ya tashi. A ƙarshen wannan shekarar wani ɗan majalisa mai suna Samuel Whitbread ya kawo ƙudurin a ba alƙalai ikon yanka mafi ƙarancin lada, majalisa ta yi watsi da shi.

A ido tsarin na tausayi ne, kuma babu shakka ya hana mutane mutuwa da yunwa. Sai dai mai gona ya gane cewa ko nawa ya biya, gunduma za ta cika. To me zai sa ya ƙara? Ƙaramin manomin da bai ɗauki lebura ko ɗaya ba, shi ma yana biyan harajin da ake cika wa leburorin babban manomi. Da wannan hujja aka rushe tsarin a 1834, aka koma tura mabuƙata gidajen aikin gajiyayyu, inda ake raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta. Wato maganin ya fi cutar muni. Daga baya masana irin su Mark Blaug, a 1963, sun nuna cewa hukumar da ta yi wancan bincike ta zuzuta laifin tsarin, domin ladan ya riga ya lalace tun kafin a fara cikon. Ni dai abin da na ɗauka a nan shi ne, an ba alƙalan nan zaɓi biyu, ko a tilasta wa maigida, ko a ɗora wa jama'a, suka zaɓi na biyu.

Yanzu mu ƙetara teku zuwa Amurka. A 1933, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, Shugaba Franklin Roosevelt ya faɗi cewa duk kasuwancin da ba zai iya tsayawa ba sai ya biya ma'aikatansa abin da ba zai riƙe su ba, bai cancanci ya ci gaba a ƙasar ba. A 1938 aka yi dokar mafi ƙarancin albashi, santi 25 a awa ɗaya. Amma fa ku lura, dokar ta tsame ma'aikatan gona da yawancin ma'aikatan kantuna. Ɗan kanti bai shiga inuwarta ba sai a 1961, shi ma a manyan kantunan da cinikinsu ya kai dala miliyan ɗaya a shekara.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1962, Sam Walton ya buɗe kantin Walmart na farko a garin Rogers na jihar Arkansas. Mutum ne da ya iya kasuwa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Dabararsa duk ɗan kasuwa ya san ta: ci riba kaɗan, sayar da yawa, kuma ka matse kowane kashe kuɗi. Ya je ƙananan garuruwan da manyan kamfanoni suka raina, inda injuna suka kori mutane daga gonaki, mata da yawa ke neman ko wane irin aiki. Da doka ta zo kan kantuna, sai aka rarraba kantunansa a takarda kamar kamfanoni daban-daban don kada cinikin kowanne ya kai adadin da doka ta faɗa, har sai da kotu ta ce duk abu guda ne, a biya ma'aikata haƙƙinsu. Daga wannan ɗan kanti na Rogers aka kai ga kamfanin da ke da ma'aikata wajen miliyan 2 a duniya, fiye da miliyan ɗaya da rabi a cikin Amurka kaɗai.

A gefe guda kuma gwamnati na gina nata tallafin. Takardun sayen abinci an fara gwada su a 1939, suka zama doka a 1964, yanzu kati ne kamar na banki ana kiran shirin SNAP tun 2008. A 1965 aka kafa Medicaid domin lafiyar marasa ƙarfi. A 1975 aka kawo wani rangwamen haraji da ake mayar wa ma'aikaci mai ƙaramin albashi kuɗi a hannu. Duk waɗannan na ƙaruwa, shi kuwa mafi ƙarancin albashi yana ja da baya. Ƙarfinsa ya kai ƙololuwa a 1968, lokacin yana dala 1.60, wanda a kuɗin yanzu ya kai wajen dala 14. A 2009 aka kai shi dala 7.25, aka bar shi nan sama da shekara 15 ba a taɓa ba, ko da yake jihohi da yawa sun yanka nasu sama da haka. Ku buga lissafin da kanku: awa 40 a mako, mako 52, dala 15,080 ke nan a shekara. Kada wani ya juya ta zuwa naira ya ce ai wannan attajiri ne, domin a can kuɗin hayar ɗaki kaɗai na iya cinye mafi yawanta. Ga kuma wata matsalar, ɗan kanti sau da yawa ba a ba shi awa 40 ɗin, yau a kira shi gobe a ce ya zauna a gida.

A watan Nuwamba na 2013 aka ga wani hoto daga kantin Walmart na garin Canton a jihar Ohio. An ajiye robobi a sashen ma'aikata, an rubuta cewa a taimaka da abinci domin abokan aiki mabuƙata su samu abin bikin godiya da suke yi a wannan wata. Kamfanin ya ce taimakon juna ne ga waɗanda wata musiba ta afka wa. Mai yiwuwa haka ne, amma jama'a abin da suka gani shi ne masu sayar da abinci ana yi musu karo-karon abinci. A wannan shekarar ma'aikatan 'yan majalisa na jam'iyyar Democrat suka ƙiyasta cewa babban kanti ɗaya mai ma'aikata 300 a jihar Wisconsin na iya jawo wa masu biyan haraji sama da dala 900,000 a shekara ta hanyar tallafi. A 2020 kuma ofishin binciken kuɗi na majalisar ƙasar, bisa buƙatar Sanata Bernie Sanders, ya fitar da rahoto cewa wajen kashi 70 cikin 100 na manyan da ke aiki kuma suke karɓar tallafin abinci ko na lafiya, cikakken aiki suke yi. Walmart na cikin kamfanoni huɗu na farko a duk jihohin da suka ba da alƙaluma, McDonald's ma na gaba-gaba.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne inda kuɗin katin ke komawa. A 2013 an ƙiyasta cewa kusan kashi 18 cikin 100 na duk kuɗin SNAP a kantunan Walmart ake kashe su, har da aka rage tallafin a ƙarshen shekarar, kamfanin da kansa ya sa wannan cikin dalilan raguwar cinikinsa. Kai jama'a! Gwamnati ta cika wa yaronka, yaron ya juyo ya saye kaya a shagonka. An yi lissafin cewa a 2010 dukiyar magada shida na gidan Walton ta kai ta kashi 40 cikin 100 na iyalan Amurka na ƙasa idan aka haɗa su, ko da yake da yawa a cikin waɗannan iyalai bashin da ke kansu ya fi abin da suka mallaka. A 2024 dukiyar gidan ta haura dala biliyan 400.

Adalci shi ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Suna cewa kantin na sayar da kaya da araha, kuma talaka ne ya fi amfana da arahar. Wasu masana kuma na cewa katin abinci ba kyauta ba ce ga maigida, tunda ko mutum ba ya aiki zai samu, hasali ma yana ba shi ƙarfin ƙin aikin wulaƙanci. Wannan magana tana da ƙarfi. Amma rangwamen harajin nan na 1975 sai kana aiki ake ba ka, saboda haka yana turo mutane da yawa neman aiki, kuma kowa ya san idan kaya suka yi yawa a kasuwa farashi faɗuwa yake. Sannan da aka matsa, ai kuɗin ya fito. Bayan ma'aikatan gidajen abinci sun fara yajin neman dala 15 a birnin New York a 2012, Walmart ta kai mafi ƙarancin albashinta dala 9 a 2015, dala 11 a 2018, dala 14 a 2023. Amazon ta koma dala 15 a 2018. Babu ɗayansu da ya rufe.

Kada mu yi ta kallon na nesa mu manta da namu. Dokar mafi ƙarancin albashi ta Nijeriya, wadda ta kai naira 30,000 a 2019 da naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Shago nawa ne a Sabo ko Agege ko Mile 12 ke da yara 25? Wato yaron shagonmu yana nan inda ɗan kantin Amurka yake a 1938, kuma shi babu katin abinci. Wani masani mai suna Abner Cohen da ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 ya rubuta yadda masu gida na fataucin shanu da goro ke riƙe yaransu: wurin kwana, abinci, sutura, in lokaci ya yi a yi wa yaro aure. Ladan hannu kaɗan ne, amma cikon daga aljihun maigidan yake fita. Yanzu a wurare da yawa an bar wancan riƙon, an koma biyan wata, kuma kuɗin watan bai kai na doka ba. Cikon sai ya faɗa kan yayan yaron da ke tura baro, ko uwarsa da ke can gida tana jiran aike, ko kuma jama'ar masallacin unguwa idan rashin lafiya ta kwantar da shi.